Taura biyu a baki ɗaya: likitan ƙwaƙwalwa tsakanin duba marasa lafiya da bincike

Wani ƙanena a aiki, yaro mai ƙoƙari da bai daɗe da gama bautar ƙasa ba, ya tare ni ran nan a teburin mai shayi bayan isha'i yace, "Cif, ni fa ɓangaren ƙwaƙwalwa nake so in shiga, amma kuma wallahi ina son harkar bincike da koyarwa a jami'a, wanne ya kamata in fara?" Nace masa tambayar taka da gyara, don a ƙasar nan ba wanda zai tsaya tambayarka wanne kake so, tsarin ne da kansa zai cusa maka taura biyun a baki yace tauna, kuma ba zai rage maka aikin ɗaya saboda ɗayan ba. Har shayinmu ya huce muna magana. Da na dawo gida naga gara in rubuta abin a tsanake tunda ba shi kaɗai ke wannan tambayar ba, iyaye ma suna yi, wai ɗansu ya gama likitanci shekara da shekaru amma kullum cewa yake yana karatu, karatun me kuma.

Toh bari in fara da hanyar kanta saboda wanda ba ɗan gida ba. Bayan shekara 6 na digirin likitanci sai shekara 1 ta hausjob, wato aikin koyon hannu a asibiti ƙarƙashin manyan likitoci, sai shekarar bautar ƙasa, duk wannan fa ba ka ma taka ƙofar ɓangaren ƙwaƙwalwa ba tukuna. Kafin a ɗauke ka horon ƙwarewa, wanda muke ce wa rasidensi, sai ka ci jarrabawar share fage da ake kira firaimari, ta ɗaya daga cikin kwalejoji biyu, akwai ta ƙasa da ke Ijanikin a Legas wadda aka kafa a 1979, akwai kuma ta likitocin Afirka ta Yamma, da yawanmu ma duka biyun muke zama don in ɗaya ta ƙi ɗaya ta so. A nan Kano asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano ne ke wannan horon kafaɗa da kafaɗa da jami'ar Bayero, ga kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau da duk Bakano ya san sunansa har ya zama abin zolaya tsakanin abokai, a maƙota kuma akwai Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, da na Maiduguri. In ka samu gurbi sai kayi shekara biyu zuwa uku kana ƙaramin rijistara, wato likitan da ke matakin farko na horon, kai ne kwanan kol, wato kwana a bakin aiki, kai ne rubutun foldar marasa lafiya, a zagaya da kai ɓangaren yara, ɓangaren masu shaye-shaye, ɓangaren jijiya, har na waɗanda kotu ta aiko a duba hankalinsu. Ka ci jarrabawar kashi na ɗaya, fat wan, ka zama babban rijistara, wasu shekara biyu zuwa uku kenan, sannan ta kashi na biyu, fat tu. Ita fat tu ɗin nan ce wurin da maganarmu take, domin ba a ba ka ita sai ka rubuta kundin bincike, disateshan, ka fara da furofozal, wato takardar bayanin abin da zaka bincika, kwaleji ta amince, kwamitin ɗa'a ya sa hannu, ka tattara data, ka rubuta, sannan ka zauna gaban masu jarrabawa su yi ta tsefe ka.

Kaga kenan duk konsoltan ɗin ƙwaƙwalwa, wato likitan da ya gama horon ƙwarewa, da ka gani wanda aka horar a ƙasar nan ya taɓa yin bincike ko da sau ɗaya ne. Abin tambaya kawai shine, wannan binciken shine na farko, ko kuwa shine na farko kuma na ƙarshe. Ga mafi yawa na farko ne na ƙarshe, kuma ban ga laifinsu sosai ba, bari kaji dalili.

A Ingila tun bayan wani rahoto da aka fitar a 2005 suka gina hanya ta musamman wa likita mai son bincike. Akwai matakin da ake ɗaukar matashin likita a rubuta a takardar aikinsa cewa kashi 25 cikin ɗari na lokacinsa na bincike ne, kashi 75 na asibiti, har tsawon shekara uku, yana amfani da wannan lokacin ne ya shirya neman kuɗin yin digirin digirgir, in ya gama ya dawo sai a raba masa rabi da rabi. A Amurka ma haka, akwai tallafin da hukumar binciken lafiyarsu take ba wa matashin likita da sharaɗin kashi 75 na lokacinsa bincike zai yi. Ma'ana ranar bincikenka ranar bincikenka ce, ko wod, ɗakin kwantar da marasa lafiya, ya cika ya tumbatsa ba wanda zai buga maka waya. Mu nan a aikace lokacin bincikenka shine daren da ba ka kol, da Asabar ɗin da ba ɗaurin aure, da bayan asuba kafin yara su tashi, in kuma an ɗauke wuta batirin laftof ɗinka ya mutu shikenan binciken ranar ya tafi hutu. Kuma ba mugunta ce ta sa ba, ƙarancin hannu ne, ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta ƙasa ta daɗe tana cewa ba mu kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, cikin ɗan wannan ma kullum ana ragewa, wannan ya tafi Saudiyya wancan ya tafi Ingila, toh wa zai riƙe maka kilinik ka je ka zauna kana lissafi a kwamfuta?

Ranar kilinik kuwa sai wanda ya gani. Ka shigo ƙarfe takwas ka tarar folda ta yi tsini a kan tebur, benci ya cika har ƙasa, ga wanda aka kawo daga ƙauye da igiya a hannu 'yan'uwa huɗu na riƙe da shi, ga tsohuwa da ta zo karɓar wa ɗanta magani don shi yace lafiyarsa lau, ga budurwa da aka sha yi mata ruƙiyya sai da abu ya ƙi aka kawo ta. Sabon mara lafiya in za a yi masa adalci sai ya ci awa guda ana ɗaukar tarihinsa, tun daga haihuwa har auren fari, amma kai minti nawa gare ka. Wanda ya fito daga wannan ƙarfe uku na rana bai ci komai ba, kace masa ya je ya karanta mujalla, ai sai ya kalle ka kawai.

Duk da haka ni ra'ayina, kuma nan ne nake saɓa wa wasu abokan aikina, shine babu ɓangaren likitanci da raba biyun nan yake cutarwa kamar namu. Likitan ciki in yana zargin ciwon suga zai tura ka lab a ɗebi jini, lamba ta fito, lambar nan kuwa ɗaya ce a Kano da Landan. Mu ba mu da gwajin jinin da zai ce wannan ciwon damuwa ne, ko wannan sikizofireniya ce, wani nau'in taɓin hankali mai tsanani, hoton ƙwaƙwalwa ma yawanci don a tabbatar ba wani abu daban ba ne ake yinsa. Ma'auninmu magana ce. Tambaya muke, mu saurari amsa, mu kalli fuska. Tambayoyin nan kuwa kusan duk da Turanci aka ƙirƙire su, a kan mutanen da ba irin rayuwarmu suke ba, su kuma marasa lafiyarmu da Hausa suke ciwo.

Bari in ba da misali ɗaya da na gani da idona. Akwai wata takardar tambayoyi tara da ake auna ciwon damuwa da ita, PHQ-9, ana amfani da ita ko'ina a duniya. Tambaya ta biyu a ciki tana neman a ji ko cikin sati biyun da suka wuce mutum ya ji ransa a ɓace, ko ya ji ya fid da rai da komai. Wani ɗalibi ya fassara ƙarshen da "yanke ƙauna", Hausa ce mai kyau ba wanda zai ce ba daidai ba. Aka zo kan wata dattijuwa da mijinta ya rasu, ta rame, ba ta barci, abinci sai an matsa mata, jikarta tace ko gidan suna ta daina zuwa. Ya karanta mata, "Mama, kina jin kin yanke ƙauna?" Ta ɗago kai tace, "Subhanallahi, ɗan nan, Musulmi yana yanke ƙauna da rahamar Allah? Alhamdulillahi." Ya sa mata sifili. Tambaya ta tara kuwa da ke maganar ko mutum ya ji gara ya mutu, ko ya yi tunanin cutar da kansa, bai ma ƙarasa karantawa ba ta fara salati, kuma kar a manta shekara da shekaru dokar manyan laifuka ta arewa, wato Final Kod, laifi ta ɗauki yunƙurin kashe kai, ga addini ga doka ga kunya, wa zai amsa maka da eh a gaban jikarsa. Da aka tattara maki sai takarda tace Mama ƙalau take. Ni kuma da na zauna da ita na tambaye ta yaya zuciyar, sai tace, "Likita, ƙirjina ne kamar an ɗora dutse, duniyar duk ta fita raina, abin da nake jira kawai lokaci." Toh kaga ciwon yana nan, ƙofar da aka ƙwanƙwasa ce ba tasa ba.

Gyaran wannan shine aikin bincike, kuma ba ƙaramin aiki ba ne. Mutum biyu su fassara zuwa Hausa kowa daban, wani da bai taɓa ganin ta asalin ba ya mayar da ita Turanci a ga ko ma'ana ta zame, a zauna da ainihin mutanen da za a yi wa tambayar a ji me suka fahimta da kowace jimla, sannan a gwada ta a kan ɗaruruwan mutane, kowanne kuma ƙwararren likita ya duba shi daban ba tare da ya ga makin da ya ci ba, daga nan ne za a san daga maki nawa za a ce akwai ciwo, da mutum nawa takardar ke bari su zille, da nawa take ɗora wa ciwon da ba su da shi. Masanin lissafi zalla ba zai taɓa gane cewa "yanke ƙauna" ce ta ɓata masa data ba, shi lambobi ya gani sun yi kyau. Likita zalla kuma zai gane a jikinsa cewa takardar na ƙarya, amma ba shi da hanyar da zai nuna wa duniya, sai dai ya yi ta mita a ɗakin hutu. Sai mutum ɗaya da ya san biyun.

Tarihin sana'ar ma haka ya nuna. Farfesa Thomas Adeoye Lambo da ya dawo daga Ingila ya fara aiki a Aro ta Abekuta, a 1954 ya fito da tsarin da marasa lafiya ke zama a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin tare da wani ɗan'uwansu, su zo a duba su da rana su koma, har da masu maganin gargajiya ya jawo cikin aikin. Ba daga littafi ya kwafo ba, gani ya yi cewa raba mutumin nan da danginsa a kulle shi ƙara masa ciwo yake, amma kuma bai tsaya a gani ba, ya rubuta, ya auna, ya haɗa kai da masana daga jami'ar Cornell suka yi binciken yawan taɓin hankali a ƙasar Yarbawa, wannan ne ya ɗaga shi har ya zama shugaban jami'ar Ibadan, daga baya mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya. A zamaninmu kuma ga Farfesa Oye Gureje, shima a Ibadan, da tawagarsa suka gwada haɗa ma'aikatan lafiya na matakin farko da masu maganin gargajiya da na addini a Ibadan da Kumasi ta Gana, a 2020 sakamakon ya fito cewa masu taɓin hankalin da aka kula da su ta wannan haɗin gwiwar sun fi samun sauƙi. Ka lura fa duk kudu ne. Mu da kusan kowane mara lafiyarmu sai ya biya ta wajen malam ko mai ruƙiyya kafin ya iso gare mu, mu da aka yi ta bankaɗo gidajen mari a 2019, ai mu ya kamata a ce muna kan gaba a irin wannan tambayar.

Akwai kuma labarin da nake so in ba masu cewa idon likita kaɗai ya isa. Maganin litiyom da har yau ake ba masu ciwon da ke hawa da sauka, wato yau mutum ya yi sama ba barci ba hutu yana rabon dukiya gobe ya faɗi ƙasa warwas, wani likita ne a Ostireliya, John Cade, ya gano amfaninsa a wani tsohon kicin na asibitin da yake aiki, ya gwada a ɓeran masar, ya sha da kansa, sannan ya ba marasa lafiya, ya buga sakamakon a 1949. Amma mara lafiyarsa na farko da ya warke kamar a mafarki daga baya gubar maganin ce ta yi ajalinsa. Sai da wani ɗan Denmak, Mogens Schou, ya zo ya yi gwaji na tsari a 1954, ana ba da maganin ana ba da na bogi a kwatanta, aka kuma riƙa auna shi a jini, sannan abin ya fara zama magani na gaske.

Yanzu ga inda abin yake da santsi, kuma a Kano ya fi ko'ina santsi. A 1996 lokacin annobar sanƙarau kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin Zana na cututtuka masu yaɗuwa, yara wajen 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata, kamfanin yace bai yi ba daidai ba, a 2009 dai aka sasanta da gwamnatin jiha a kan dala miliyan 75. Mutanen garin nan ba su manta ba, inuwar abin har kan rigakafin shan inna ta faɗa a 2003. Saboda haka kalmar "gwaji" kaɗai ta isa ta tashi benci guda. Sai kuma kishiyar wannan, wadda ni ta fi ba ni tsoro, wato wanda ba zai taɓa ce maka a'a ba. Kai ne likitansa, kai ka kwance masa igiya, kai kake rubuta masa magani, yau kuma ka miƙo takarda kace ya sa hannu zai shiga bincikenka, uban yaron zai ce, "Ranka ya daɗe ai duk abin da kuka ga ya dace." Wannan ba yarda ba ce, kara ce. Ga shi kuma ciwon namu shi kansa yana taɓa hankalin da ake yarda da shi, wanda yake tsakiyar rikicewa ba ya cikin halin da zai auna amfani da illa, sai ka jira ya lafa, matar aure kuma sau da yawa zata ce sai ta tambayi maigida, kai ma dole ka san yadda zaka girmama wannan ba tare da ya zama maigidan ne ya yarda ita ba ta yarda ba. Ƙa'idar ɗa'ar bincike ta ƙasa tana nan tun 2007, kwamitoci suna nan, amma kwamiti ba ya cikin ɗakin lokacin da kake miƙa biro. Abin da na koya shine in sa wani daban, nas ko mataimakin bincike, ya nemi yardar bayan na gama duba mutum na rubuta masa maganinsa ya riƙe a hannu, don ya san ko ya ƙi ba abin da zai rasa. Ranar da aka fara ce mana a'a ne hankalina ya kwanta.

Mu dawo kan disateshan. Gaskiya mai ɗaci ita ce yawancinmu katanga muka ɗauke shi, a tsallake a wuce. Sai ka ga taken duk iri ɗaya, yawan ciwon damuwa a tsakanin masu ciwon kaza a asibitin kaza, wani ya yi a kan masu suga, na bayansa ya canja ya sa masu hawan jini, na bayansa masu sikila, a raba takarda sau ɗaya a tattara a rufe. Ba wai banza ba ne, amma an zaɓe shi ne don yana ƙarewa da wuri kuma ba ya cin kuɗi, tunda daga aljihunka zaka buga takardu, ka sallami masu taya ka, ka biya mai lissafi. Binciken da zai bi mara lafiya shekara guda a ga wa ya dawo wa ya ɓace, ko ya gwada wata dabara a ga ko tana aiki, shi ake gudu, don in ya ja lokaci abokan shigarka zasu zama konsoltan kai kana nan. Nawa kundin ma shekara biyu ya yi a kan kanta yana shan ƙurar hunturu kafin kunya ta sa na ciro shi na mayar da shi maƙala. Wajen bugawa kuma wata kasuwar ce, manyan mujallu wasu sai ka biya da dala abin da ya fi albashinka, ga kuma mujallun bogi da ke cika maka imel suna kiranka babban farfesa, ka tura yau su buga jibi ba wanda ya karanta, ga al'adar "sa sunana in sa naka" da ta sa zaka ga mutum tara a kan maƙalar da mutum ɗaya ya yi wa wahala. Wannan ta ƙarshen kam kowa ya san da ita, ba mai son a ɗaga.

In ka haye fat tu ka zama felo, wato kwaleji ta ba ka shaidar ƙwarewa da ake kira feloshif, hanya ta rabu. Ko ka zama konsoltan na asibiti zalla, ko jami'a ta ɗauke ka lakcara asibitin koyarwa kuma ya ba ka konsoltan na girmamawa, wato iyayen gida biyu kenan. Jami'a maƙala take ƙirgawa in lokacin ƙarin girma ya zo, ba ruwanta da mutum nawa ka kwantar ka sallama, asibiti kuma kilinik da zagayen wod da kol yake so, ba ruwansa da maƙalarka, ga ɗaliban likitanci, ga likitocin rasidensi da kake duba nasu kundin, ga mitin. Har tsarin albashi biyu ne, na likitoci daban na malaman jami'a daban, an sha yajin aiki a kan wanne za a biya likitan da ke koyarwa da shi. Sai rigimar feloshif da digirin digirgir, Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa ta nuna tana so malaman likitanci su ma su riƙe digirin digirgir, wato PhD, ƙungiyar konsoltan kuma tace feloshif ɗin da aka shafe shekara biyar shida ana yi har da kundin bincike ai ya wadatar, maganar takan taso da zafi duk sanda aka zo neman kujerar shugaban jami'a. Kwalejin ƙasa ta fito da nata digirin MD don a rage tazarar. Ni dai nawa ganin, ba abu ɗaya suke koyarwa ba, feloshif likita yake ƙerawa wanda ya ɗanɗana bincike, digirin digirgir kuma shekaru ne da zaka zauna da tambaya ɗaya har ta gaji da kai, wanda yake son ya riƙa jagorantar babban bincike yana neman kuɗi daga irin su Wellcome ko Fogarty ko asusun TETFund zai ga amfaninsa, wanda kuma don a kira shi da wani suna kawai zai yi, gara ya huta. Lokacin da ya fi dacewa a ganina shine dab da gama fat tu, kafin hidima ta yi yawa. 'Yan'uwanmu mata kuwa shekarun nan ne dai na aure da goyo, na san wadda ta rubuta babi na huɗu na kundinta jariri na bayanta tana jijjiga shi, ita ba ta ma da daren da ba kol.

Haɗarin da ke gefe biyu shine ka tashi ba ga tsuntsu ba ga tarko. Na ga wanda bincike ya ɗauke shi, yau Nairobi gobe Janeba, in ya shigo wod sai nas ta tuna masa sunan maganin da ake samu a famasi yanzu, hannunsa ya yi sanyi, tambayoyin bincikensa ma sun koma na masu ba da kuɗi ba na benci ba. Na ga kuma wanda kilinik da lokom, wato aikin wucin gadi a wasu asibitoci, suka cinye, likita ne na gaske marasa lafiya na sonsa, amma abin da ya koya shekara goma sha biyar da suka wuce shi yake rubutawa har yau.

Abin da na gaya wa ƙanen nan nawa shine tunda ba za a keɓe maka lokaci ba, toh kar ka nemi tambayar da zata fitar da kai daga asibiti, nemi wadda take zaune a kan bencin da dole kullum sai ka wuce ta gabansa. Kuma suna nan birjik. An hana maganin tari mai kodin a 2018, binciken ƙasa da aka fitar a farkon 2019 yace mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya a shekara guda, toh matasan da matan auren da muke gani me suka koma sha bayan hanin? Mai jego da ta rikice sati biyu da haihuwa, kwana nawa ake ɗauka kafin a kawo ta, ta hannun wa da wa take biyowa? Sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin ta zamanin Turawa, ta yi maganar haƙƙin mara lafiya da yadda za a kwantar da shi ba da son ransa ba, me ya canja a ƙasa? Nace ya sayi ƙaramin littafi ya riƙa rubuta duk abin da ya ba shi mamaki a kilinik, ya nemi sufabaiza mai amsa waya ko da ba shine mai babban suna ba, ya koyi lissafin bincike da hannunsa tun yana ƙaramin rijistara kar ya jira fat tu ta ƙwanƙwasa, kuma ya rubuta folda kamar wani zai zo ya yi bincike da ita, don shi ɗin ne zai zo.

Bayan sati uku sai ga shi ya dawo da littafin a aljihu. Yace, "Cif, na samu. Azumi." Wai ya tuna lokacin hausjob yadda bayan sallah ake dawo da masu ciwon hawa da sauka a rikice, shine yake so ya san ko canja lokacin shan magani ne, ko rashin barcin sahur da tahajjud, ko kuwa masu shan litiyom ne ƙishirwa ke tayar musu da shi a jini, tunda azumin waɗancan shekarun a bazara ya riƙa faɗowa, zafin Kano kuwa yana haura digiri 40. Tambaya ce mai kyau ƙwarai, irin wadda mutumin Landan ba zai taɓa kawowa a ransa ba. Nace masa madalla, amma da me zaka kwatanta, ka san nawa ake dawowa da su a watan da ba azumi? Yace a'a. Nace waɗanda ba su dawo ba fa, lafiya ce ta hana su ko kuɗin mota, ko suna can an ɗaure su a ɗaki, ta ina zaka same su? Yace ta lambar waya. Nace je ka ɗakin ajiyar folda ka ciro guda hamsin ka ƙirga nawa ne ke da lambar da ke shiga. Jiya ya turo min saƙo ta WhatsApp wajen sha ɗayan dare, wai ya duba talatin, yawanci lambar ɗan rakiya ce, ɗaya ma da ya kira wani mai gyaran babur ne a Kurna ya ɗauka yace shi sau ɗaya ya taɓa kai maƙocinsa asibiti kuma sun tashi daga unguwar tun bara. Yace gobe in ya fito daga kilinik zai ƙarasa sauran ashirin ɗin.